Jifa Mai Shuɗin Fenti

Gab da magariba matar mai kwale-kwale ta buɗe randa, sai ta tarar ruwan yana juyawa shi kaɗai, tsakiyarsa ta lotsa kamar cibiya. Ta mayar da murfin a hankali. Ba ta gaya wa kowa ba.

Sannan jifa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki. Duwatsun jiƙaƙƙu ne. Ta tsinci ɗaya, ta ga shuɗin fentin katangarsu da ta rushe. Ta san inda maigidan ya kai ɓaraguzan: lanƙwasar kogi, inda ruwa ke murɗawa yana jan komai ƙasa. Sau biyu wurin ya kusa kifar masa da fasinja, shi ya sa ya cike shi. Da ta nuna masa dutsen, sai ya daka mata tsawa, wai ta cika kalle-kalle.

Rana ta uku 'yarsu tilo ta tsaya a tsakar gida ta fara juyi. Ta juya har tafin ƙafarta ya fashe. Mutum biyu suka kasa riƙe ta.

Malamin da aka ɗauko bai yi gaggawa ba. Ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta tsaya cak. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai gurnani.

"Abin da kuke gani yana juyawa a kogi ƙofata ce. Wannan sakaran ya toshe ta. Ƙananan duwatsun na jefo masa. Babban yana nan a ƙofar, 'ya'yana suna kulle a bayansa."

Malam ya ce, "Ita yarinyar me ta yi maka?"

"Nawa me suka yi masa?"

Mai muryar ya ce zai tafi da ita. Malam ya ce ƙarya yake. Aka yi ta ja, har suka tsaya a kan cewa wanda ya jefa babban dutsen a kogi, shi zai cire shi.

Da hantsi maigidan ya ɗaura igiya a ƙugu. 'Yan'uwansa suka miƙo hannu, ya wuce su, ya ba matar bakin igiyar, kansa a ƙasa. Ya nutse. Igiyar ta yanke mata tafi, ba ta saki ba. Can ruwan ya buɗe baki, ya koma murɗawarsa, suka jawo shi jini na zuba daga kunnensa. Kunnen bai ƙara ji ba.

A gida ta tarar da yarinyar tana barci. Ta buɗe randa. Ruwan yana kwance.