Akwatin Ayampoka

Ranar Juma'a da hantsi aka bugo wa Insifekta Abugre waya daga hedikwatarsu da ke garin Bolga: fasfon wata Baturiya ya ɓace a masaukin cocin ƙauyensu. Baƙin su tara ne, 'yan mishan daga Amurka. Mako biyu suka yi suna raba tabarau da wanke gyambo, gobe kuma jirginsu zai tashi daga Akara, babban birnin ƙasar.

"In suka rasa jirgin nan, kai za ka sani," in ji shugabansa, ya kashe wayar.

Abugre ya iske cocin tana ƙyalli da shuɗin fenti. Shi mutum ne da in abu ya ba shi mamaki sai ya manta abin da ya kawo shi. Ya sa farce ya kankare bangon. Ƙarƙashin shuɗin akwai kore, ƙarƙashin koren akwai rawaya. Kowace shekara baƙi su zo su shafa nasu su tafi, rufin kuwa yana nan yana yoyo.

Mai fasfon, wata nas ce, Sista Darlene. Ta miƙa masa jakarta idanunta jajur. A kan zif ɗin akwai ɗan tabon fenti, bai gama bushewa ba.

"Kun yi aiki da rawaya?"

"A'a, shuɗi kawai muka saya."

Ya juya wajen Fasto Akolgo, wanda ke yi wa baƙin tafinta.

"Fasto, akwai ragowar rawayen fenti a nan?"

"Ina! Ya ƙare tun shekara biyu, yallaɓai."

"To me kake yi wa gumi? Wa ke riƙe da makullin sito?"

"Baba Adongo, mai gadi. Amma shi ko allura ba zai ɗauka ba."

Gidan mai gadin yana bayan cocin. A tsakar gida Abugre ya ga matar mai gadin, Ayampoka, ta ci ado da zanen zuwa coci, tana zaune a kan akwatin ƙarfe mai sabon rawayen fenti. Ta sa tabarau, takardar lamba tana manne a gilashin. An naɗe ƙafarta ta hagu da bandeji, ƙudaje suna bi. Kusa da ita ga zabuwa an ɗaure mata ƙafafu.

"Mama, ina zuwa haka?"

"Amurka, ɗana. In kana da saƙo ka kawo. Sista ta ce za ta tafi da ni gida, ranar Lahadi a coci, a gaban kowa ta faɗa. Zabuwar tsarabar mutanen gidansu ce."

Baba Adongo ya fito daga ɗaki, hannayensa a baya.

"Baba, ka shiga masaukin baƙi yau?"

"Ni? Me zan nema a can?"

"Kawo hannunka in gaishe ka."

Tsohon ya miƙo. Duk ƙarƙashin faratansa rawaya ne.

Abugre ya aika aka kira Sista da Fasto. Ya tambaye ta abin da ta gaya wa tsohuwar ranar Lahadi.

"Cewa na yi zan tafi da ita gida a cikin zuciyata," in ji Sista. "Haka muke faɗa in za mu rabu."

Fasto ya sunkuyar da kai. "Ina kaiwa kan kalmar 'gida' jama'a suka ɓarke da tafi, ganga ta tashi. Sauran maganar bai fito ba. Da na ga yadda take rawa a kan ƙafar nan, na kasa gyarawa."

Baba Adongo ya zauna a ƙasa.

"Ni na yi mata fentin akwatin, kada ta ji kunya a garin mutane. Da asuba na je na leƙa motar, na ƙirga kujeru. Tara, sai ta direba. Sai na gane. Na ce in babu ɗan littafin nan, babu tafiya. Ko kwana uku ne Sista ta ƙara wanke mata ƙafar. Tun da ta zo warin ya ragu, yallaɓai."

"Yana ina?"

Tsohon ya dubi akwatin.

Sai da aka yi ta lallashi kafin Ayampoka ta tashi. Zanenta ya ɓamɓaro daga fentin da ƙara. Fasfon yana cikin Littafi Mai Tsarki, a ƙarƙashin kayanta.

Sista ta fashe da kuka, ta ce ta yafe, a bar shi. Abugre ya koma gefe ya kira shugabansa.

"Yafiyar me? An riga an rubuta, ofishin jakadancinsu ya sani. Kawo min shi."

Da azahar motar baƙin ta tashi. Sista ta bar bandeji da magani na kwana shida, tana ta waiwaye har suka sha kwana.

Abugre bai ciro ankwa ba. Ya ɗora tsohon a bayan babur, ya ce ya riƙe shi da kyau. Ayampoka ta riga ta koma kan akwatinta, ta gyara zaman tabarau.

"Ɗana," in ji ta, "in motar ta juyo ɗaukata, ina zan ce musu tsohon ya tafi?"

Abugre ya taka babur ɗin sau uku kafin ya tashi.