Minti Huɗu na Radostina

Ranar da matata Radostina ta cika kwana talatin da tara a ƙasa, na je gidan mahaifiyarta, Nevena, da la'asar sakaliya don in ɗauko kwamfutarta. Na tarar an lulluɓe ta da baƙin ƙyalle, kamar kowane madubi a gidan.

"Ɗan nan, gobe ne arba'in," in ji Nevena. "Gilashi gilashi ne. In ta ga fuskarta a ciki, hanya za ta ɓace mata. Kwana ɗaya ya gagare ka?"

"Mama, na'ura ce fa."

"Uhm. Ku kuka sani, masu ilimi."

Ya kuwa gagare ni. A ciki akwai wata hira da muka ɗauka a kicin, minti huɗu, iyakar abin da ya rage na muryarta a duniya. Kewa tana neman kashe ni.

Shekara goma sha shida ina gyaran kwamfuta a birnin Plovdiv. Tata ta ƙi tashi tun tana asibiti, amma wannan ba komai ba ne a wurina. Filashin ceto ake haɗawa, mai tsarinsa na kansa, ya tayar da na'urar ba tare da ya nemi izinin tsarin da ke ciki ba. Shiga gida ta taga ke nan, kuma ban taɓa jin kunyar yin sa ba.

Na ɗauke ta na kai shagona, na ja ƙofa, na soka filashin. Fankar cikinta ta fara huci. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, fararen haruffa suna gangarowa. Na gano hirar, na fara kwafa.

Sai ƙanshin man wardinta ya cika shagon.

Kujerar bayana ta yi ƙara.

A cikin baƙin gilashin na gan ta, daidai kafaɗata, da ɗankwalin asibiti. Ba ni take kallo ba. Kanta take kallo.

"Tsvetan," ta ce cikin raɗa. "Ina ƙofar take? Ɗazu ina ganin ta."

Kwafin ya kai rabi.

"Minti biyu, Radi. Don Allah."

"Sanyi nake ji."

Numfashinta ya taɓa wuyana, kamar an ɗora min ƙanƙara. Fuskarta tana matsowa jikin gilashin, ta ciki.

Na fizge filashin. Na tuɓe riga na rufe na'urar, na zube ƙasa ina kuka har ƙanshin ya gushe.

Washegari muka raba dafaffiyar alkama ta sadakar arba'in a bakin kabari, aka yaye madubai. Ban gaya wa Nevena komai ba. Bayan mako na sake gwadawa, hirar ta fito, minti huɗu cif. Ga muryata ina tambaya, ina dariya, ga ƙarar mai a kasko. Duk inda ya kamata ta amsa, shiru ne.

Har yau kullum sai na kunna ta. Duk inda ta yi shiru, ni ma sai in yi, kada in katse ta.