Baƙon Ganye a Reshen Mangwaro

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa mai bishiyar mangwaro ɗaya tak, da ita take ci. Wata rana baƙon ganye ya tsiro a babban reshenta.

Maƙwabcinta ya ce, "Iya, kauci ne, zai shanye bishiyar. Sare reshen."

Ta ɗauko gatari. Sai ta ce, "Bari in duba tukuna."

Ta ɗaga saiwar ganyen da yatsa. Ashe a kan ɓawo kawai ta kwanta, ba ta huda itacen ba. Tsohuwa ta ajiye gatari, ta yi ajiyar zuciya.

Da bazara reshen ya sunkuya da 'ya'ya, ganyen ya fitar da fararen furanni masu ƙamshi.

Maƙwabcin ya zo roƙon mangwaro. Ta ce, "Tsinka, ɗana. Ga reshen da ka ce a sare."