Ƙudan Ɗakin Marigayiya

Da hantsi wata malamar makaranta ta faɗo ofishin 'yan sanda tana haki.

"Yallaɓai, an sace akwatin mahaifiyata."

Sufeto ya tura mata kujera. Watanni ke nan da rasuwar uwar. Ita da ƙannenta suka ɗauke mahaifinsu, wani tsohon tela, suka mayar da shi gidanta, suka kulle tsohon gidan kafin a sami mai saye. Yau ta je ɗauko akwatin zannuwan marigayiya don a raba wa dangi, ta tarar wayam.

"An fasa ƙofa?"

"Kwaɗo na nan lafiya lau."

"Makulli fa?"

"Ɗaya ne, kuma yana jakata."

Sufeto ya ɗauki Kofur, suka bi ta zuwa tsohon gidan. Ɗakin marigayiya duhu ne, taga a rufe. Gadon ƙarfe na nan a gyare, ƙura ta lulluɓe shi. Simintin ƙasa ya farfashe, yashi ya fito. A jikin bango wasu ƙudaje ne maƙale, manya, launin zuma, ba sa ko ƙugi.

Kofur ya cire hula zai kai musu duka.

"Tsaya," in ji Sufeto. "Ka taɓa ganin irinsu?"

"Yallaɓai, ƙuda ai ƙuda ne."

"Kamo mini ɗaya a kwalba."

A waje mai gadin layin ya rantse har da dafa ƙirji. "Ko kyanwa ba ta shiga gidan nan, ranka ya daɗe."

"Kai a ina kake kwana?"

"Ga bencina nan. Ni da shi mutu ka raba."

Daga nan Sufeto ya wuce asibitin dabbobi, wurin wata likita masaniyar ƙwari. Ta maƙale ƙudan da ɗan hantsaki, ta kara shi a gilashin ƙara girma.

"Launin zuma, baƙaƙen layuka biyu a gadon baya. Kallo ɗaya za ka ce ƙudan shanya ne, mai yin ƙwai a jiƙaƙƙun tufafi." Ta juya shi. "Amma leƙo nan. Ka ga cikinsa gaɓa-gaɓa? Ta biyu ta fi sauran tsawo sosai. Wannan ɗan uwansa ne. Ina ka samo shi?"

"A ɗakin da ba kowa."

Ta yi dariya. "To wani ya yi maka ƙarya. Shi babban ba ya cizo. Tsutsarsa ce ke ɓuya cikin yashi, ta fito ta sha jinin wanda ya kwanta a ƙasa. Ba ta iya hawa gado. In babu mai kwana, iri ya ƙare."

Sufeto ya koma wurin mai gadi, ya sa shi ya ɗaga riga. Ko ɗigo babu a jikinsa.

"Wa kake rufa wa asiri?"

"Idona ya tsufa, yallaɓai." Amma idon da ya tsufa ya saci kallon shagon tela da ke bakin titi.

Sufeto ya nufi shagon. Mahaifin malamar yana zaune gaban kekensa, ba zare a allura.

"Baba, 'yarka ta ce ba a gidanta kake kwana ba."

"Jikoki ne da surutu. Nan nake miƙewa a kan tebur."

"Yaushe rabonka da tsohon gida?"

"Tun ranar da aka fita da ita."

Yana faɗa yana susar haƙarƙarinsa na dama.

"Ɗaga rigar, Baba."

Ya daɗe yana kallon Sufeto, sannan ya ɗaga. Jajayen ɗigo ne jere tun daga kafaɗa har ƙugu, duk a gefe guda. A wuyansa kuma ga makulli rataye da bakin zani.

"Na marigayiya ne," ya ce. "Ba wanda ya tambaye ni."

"Me ya kai ka kwanan ƙasa, ga gado?"

"Da ciwo ya kwantar da ita, a ƙasa nake shimfiɗa, gefen gadon, don in ta yi tari in ji. Yanzu ko'ina na kwanta, barci ba ya zuwa. A can kaɗai nake juyawa dama, in kasa kunne." Ya sauke rigarsa. "Wani lokaci har ji nake kamar za ta nemi ruwa."

"Akwatin fa?"

Ya janye tarin ƙyallen da ke ƙarƙashin tebur. Ga shi nan.

"Duk zanin da ke ciki ni na kalmashe bakinsa. So suke a raba, in riƙa cin karo da ita a jikin matan mutane a hanya."

Malamar na tsaye bakin ƙofa, ba wanda ya ji zuwanta. "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Ke ma kuka kike yi, uwata. Ina zan ɗora miki nawa?"

"Yallaɓai, na janye ƙarata."

"A ofis ake janyewa," in ji Sufeto a hankali. "Baba, mu je ka ba da bayani."

Kofur ya taɓa ankwa, Sufeto ya harare shi, ya mayar. Kofur ya sunkuya zai ɗauki akwatin.

"A'a, ɗana," in ji tsohon. "Ba ta son a riƙe shi ta hannu ɗaya."

Ya rungume shi a ƙirji. 'Yarsa ta tallafo ɗaya gefen, suka nufi mota.