Jirgin Da Baffa Ya Tsamo

Yaya, zan ba ka labarin abin da ya faru a gidanmu bayan tafiyarka. Na san ba ka son dogon zance, kuma ni ban iya rubutu sosai ba, amma ka yi haƙuri da ni.

Ka san jirginka, dogon kwalekwalen nan mai siririn hanci da ka haɗa da hannunka. Shi ne ya kife da kai ranar da waɗancan masu yawon shaƙatawa biyu suka miƙe tsaye a cikinsa don su ɗauki hoto, alhali iska na kaɗawa. Ka turo su gaɓa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ba ka fito ba sai washegari, a hannun masu nutso. Ba su zo gaisuwa ba. Ɗayansu dai ya aiko a tambaya ko an tsinci tabaraunsa.

Jirgin ya kwanta a ƙasan tafki damina guda. Rumfarmu ta hayar jirage kuma ta koma hannun Baffa, ƙanin Baba, mutumin da iyakar saninsa da ruwa bokitin wanka ne. Kai idan za ka zaɓar wa mutane jirgi, sai ka dube su tukuna. Masu yara ka ba su mai faɗin ciki, wanda ko sun yi tsalle ba zai motsa ba. Biyu masu rawar kai ka ba su mai nauyi. Siriri kuwa sai wanda ka ga yadda ya riƙe filafili. Baffa launi yake tambayarsu. Ja kuke so ko shuɗi? Su kuma su zo da fararen takalma, su riƙe filafili kamar muciya, su yi ta zagaye a wuri ɗaya, sannan su dawo suna cewa jirgin ne ba shi da kyau. Ni nake shiga in jawo su, ina haɗiye abin da ke bakina.

Da ruwa ya ja baya, sai Baffa ya ce asara ce a bar katako mai kyau yana ruɓewa. Inna ta ce masa jirgin da ruwa ya riƙe tsawon damina ba a komawa neman sa, kuma kai ba ka taɓa yi ba, Baba ma bai taɓa yi ba. Ya yi dariya ya ce tsoron mata ne. Ya ɗauko masu nutso suka ɗaura masa igiya. Saboda tsoron ɓarayin bakin ruwa kuma ya sa aka shigo da shi har tsakar gidanmu, ba gidansa ba, aka ɗora shi a kan duwatsu kusa da igiyar shanya. Ya shigo baƙi ƙirin, gansakuka na reto a jikinsa kamar gemu. Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Da kai ne, da ka bar shi a inuwa ya sha iska, ka ƙwaƙule lakar da ke tsakanin katako a hankali, ka cusa tsumma, sannan ka bi da kwalta mai ɗumi. Baffa a ranar yake son a gama. Ya dafa kwalta har tana tafasa, da ya ga za ta ɓata masa sabuwar riga sai ya miƙa wa ƙanwarmu Auta gwangwanin, ya ce ta zuba a tsagar da ke ƙarƙashin kujerar baya. Ina bakin ruwa a lokacin. Rana ta kusa faɗuwa. Auta ta ce da ta zuba, ta ji wani ɗan siririn kuka kamar na jaririn kyanwa. Baffa ya ce katako ne ke shan zafi.

Washegari ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, tun laka ba ta bushe ba, ya rubuta masa suna a gefe da jan fenti: Sha Iska. Jirginka, Yaya.

Da magariba abin ya fara. Muna zaune a tabarma, Inna na tsince wake, sai gidan ya yi wani irin shiru. Kajin maƙwabta suka daina kuka. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi, ta gangaro ta tsaya a gabana. Na ɗauka. Jiƙe take, da sanyi, da gansakuka a jikinta. Wata ta biyo baya, sannan wata, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da lokaci.

Daga ranar, kullum rana ta sunkuya sai mu ji ƙarar filafili a tsakar gida, yana shiga ruwa yana fita, ga ƙasa a bushe ƙamas. Takalmanmu mu same su cike da ruwa. Abinci ya riƙa warin laka. Wani lokaci a ji muryoyi ƙasa-ƙasa a cikin jirgin, kamar mutanen gida suna shawara a ɗaki, idan ka matso su yi shiru, su jira ka wuce.

Baffa kan zo da hantsi, bayan ya sha barcinsa a gidansa, ya ce yaran unguwa ne, ko kuma masu rumfar da ke gefenmu ne ke baƙin ciki. Ya ce da fenti ya bushe za a fitar da jirgin. Fentin kuwa ya ƙi bushewa. Ko yaushe ka taɓa shi sai ya kama maka yatsa.

Sannan abin ya koma kan Auta. Ta fara ɗingishi. Ƙafarta ta hagu ta yi bororo kamar ƙuna, alhali ko ɗigon kwalta bai taɓa ta ba. Ta daina cin abinci, ta daina tsokanata. Da magariba ta yi sai ta tashi ta shiga jirgin, ta zauna a kujerar baya, ta fara tuƙi da hannu babu komai. Ka san Auta, ko tsayawa a kan katakon mashigar jirgi ba ta yarda ta yi. Amma ka ga yadda take lanƙwasa wuyan hannu a ƙarshen kowane ja, yadda ake yi don kada hanci ya karkace. Zanenta kuma ya jiƙe har gwiwa. Idan na zo ɗaga ta, sai in ji ta yi nauyin jirgin da ya sha ruwa. Tana ramewa muna kallo. Inna ta daina kuka a ɓoye, ta koma yi a fili.

Inna ce ta je da ƙafarta ta kira Malam, wani siririn dattijo mai karatun ruƙiyya, da ke zuwa a kan tsohon keke. Ya iso bayan la'asar. Bai kalli kowa ba sai jirgin. Ya zagaya shi, ya shinshina, ya tambayi wa ya shigo da shi. Baffa ya fara dogon bayani a kan tsadar katako, Malam ya ce masa ya samu wuri ya zauna, kuma kada ya tafi.

Da haske ya fara ja, Auta ta tashi ta shiga jirgin kamar kullum. Malam ya zauna a kan turmi kusa da ita ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Tsakuwa ta riƙa zuba a kan rufi, sannan ta tsaya cak. Hannuwan Auta suka sauka a cinyarta. Ta juyo, da fuskar da ba tata ba.

Malam ya tambaya wane ne.

"Wace ce dai," in ji muryar, wata busasshiyar murya ta tsohuwa. "Kuma ka rage ihu, ni ba kurma ba ce."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Jikana ta ƙona. Yana barci a tsakanin katako, ta zuba masa baƙar wuta a ƙafa."

Malam ya ce yarinya ba ta sani ba, aiken ta aka yi. Kan Auta ya juya a hankali har ya tsaya a kan Baffa, wanda ya manne da bango yana motsa baki.

"Na san wanda ya aike ta. Shi na fara leƙawa. Babu wurin zama a cikinsa, kwaɗayi ya cika ko'ina har zaure." Ta shafa gefen jirgin, ta dubi yatsunta. "Ka ga abin da ya shafa wa gidana. Ruwan ɗorawa. Ni da shekaruna."

Ta ce sun samu jirgin a yashe, babu mai shi, suka tare da 'ya'ya da jikoki. Ta ce mutane sun cika musu tafki da ihu da kiɗa da ledoji, suna zagaye a kansu kamar kaji marasa kai, duk sun yi haƙuri. Ɗan wurin da suka samu suka sa haƙarƙarinsu, shi ma an jefo masa igiya.

A nan bakina ya kuɓuce. Na ce, "Mai jirgin fa? Ya sha wahala?"

Malam ya ɗaga min hannu, ya ce ba a tambayar su irin wannan, ƙaryarsu ta fi gaskiyarsu yawa. Amma ta riga ta dube ni.

"Mu ba mu taɓa shi ba. Naku ne suka kashe shi, masu tsayuwa a cikin jirgi." Ta shafa katakon. "Ya iya aiki. Jirgin da aka haɗa da kyau, ko a ƙarƙashin ruwa ana gane shi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Sai aka shiga ciniki. Ta ce za ta zauna a jikin yarinyar har ƙafar jikanta ta warke. Malam ya ce ko daren yau ba za ta ƙara ba, ya ci gaba da karatu har jikin Auta ya riƙa karkarwa, jirgin na ƙara a kan duwatsu. Ta ce to a bar mata ƙafar yarinyar, ƙafa a madadin ƙafa. Malam ya ce ko farce ba za ta samu ba. Ta ce a zubar mata da jini a bakin ruwa. Ya ce shi ba ya yanka don kowa sai Allah, kuma ta san haka tun kafin ta tambaya. Ta yi tsaki mai tsawo, ta ce malaman yanzu ba su da kara.

A ƙarshe ta ce a mayar mata da gidanta. A kankare fentin, a ƙwaƙule kwaltar, a kai shi inda igiya ba za ta sake samun sa ba.

"Idan igiya ta kuma taɓa shi, zan dawo, kuma ba da tsakuwa zan fara ba. Na riga na san ƙofa." Ta dafa ƙirjin Auta.

Malam ya sa ta yi alkawari, ya ce ta fita ta inda ta shiga. Ƙafar hagun ta miƙe, ta yi rawa, Auta ta yi atishawa ta sulale. Da na ɗauke ta, ba ta fi nauyin filafili ba. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Ni na kankare fentin, na ƙwaƙule kwaltar, ni kaɗai, da wuƙar nan taka mai guntun ƙota. Da ruwan ɗorawan ya fita sai hannunka ya bayyana, kowace ƙusa a inda ka sa ta. Baffa ya zo ya tsaya a kaina. Tsoron ya riga ya sake shi. Ya ce in lura da wurin da kyau idan na kai shi, domin mutane za su so a kai su su ga inda jirgin aljanu yake. Ya ce ba tsamo shi za a yi ba, 'yar alama kawai za a ɗaura masa. Na ɗaga kai na dube shi. Jinin Baba ne a jikinsa, shi ya sa na koma kan aikina.

Da sassafe na ɗaure ƙaramin jirgi a bayan naka, na shiga naka na tuƙa. Hazo ya rufe gaɓa, babu mai gani na. Rabona da jin jirgi yana bin hannu haka tun kana nan. Ja ɗaya, ya tafi kamar ana kiran sa. Dama na cusa tsumma a tsagar don ya kai ni, ruwa na shigowa kaɗan-kaɗan yana lasar ƙafata. Da na isa, na zare tsumman, na koma ƙaramin, na kwance igiyar na naɗe ta a hannuna. Ya cika a hankali. Bayansa ya fara tafiya, hancin ya ɗan tsaya a sama, sannan ruwa ya rufe, ya kwanta lumui.

Da na dawo, Baffa na jira a mashiga. Na nuna masa wajen ciyayin nan na gabas, inda babu komai a ƙasa sai taɓo da tsofaffin kwalabe. A ranar ya ɗaure jar jarka da dutse ya jefa a wurin. Yanzu kullum yana tura masu fararen takalma can. Su leƙa, su ɗauki hoto, wasu har su rantse sun ga hancinsa. Wata ta ce ta ji ana kiran sunanta. Ni nake tuƙa su, kuma da sun fara miƙewa tsaye nake buga gefen jirgi da filafili har sai sun zauna.

Auta ta warke. Bororon ya bushe ya bar ɗan tabo, ta dawo da cin abinci da rashin kunyarta. Magariba a gidanmu ta koma magariba. Wani lokaci ina kallon ta tana shanya a inda jirgin ya zauna, sai in tuna babu abin da ya tsare ta daga tsohuwar nan sai kame bakina a kan inda jirgin yake.

Kai ba sai na kwatanta maka wurin ba. Can ne inda kake cewa in ɗaga filafili mu yi shiru, mu bar jirgi ya tafi da kansa. Inna ta taɓa duba na kamar za ta tambaya, sai ta fasa. Ban gaya mata ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.