Hancin Dutse

Ku matso nan. Ke Uwani, rufe bakin nan kafin sauro ya faɗa. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu, ni ba ni da wanki gobe.

Sallau mai sa gilashi ne, yana aiki a sababbin gidajen bayan gari, irin waɗanda ake ginawa da dutsen da aka faso daga tsauni. Mutum ne mai gaggawar tsiya, ko bisimilla sai ya ga dama. Ran nan ya kafa taga, yana bin gefenta da silikon, farin gam ɗin nan da ake matsawa don kada ruwa ya shiga. Sai ya ga ɗan rami a jikin dutse, bai fi ƙofar hanci ba. Iska na fitowa daga ciki, da ɗuminta. Mai hankali zai ja baya ya yi sallama. Sallau gam ya matsa, ya shafe da yatsa, ya kama gabansa.

Tun a hanya hancinsa ya fara toshewa. Ya ce mura ce.

Bayan kwana uku mai gida ya aiko a kira shi. Tabo ya fito a wurin, baƙi, kamar an zuba man gyaɗa. Dutse yana shan man silikon, duk mai sana'ar ya sani. Amma wannan girma yake yi. Da safe kamar kwabo, da yamma kamar faifai.

Ranar Juma'a ce. Ya je rana tsaka, leburori duk sun tafi masallaci. Shi kaɗai. Ya kankare da reza, tabo na nan. Ya goge da fetur, tabo na nan. Haushi ya kama shi, ya tafasa ruwa a gwangwani ya kwara wa bangon.

Wani siririn kuka ya tashi cikin dutsen, ya yanke.

"Sannu da aiki."

Daga bango muryar ta fito, amma wata mata ce tsaye a bayansa. Ta ɗaura zanen goyo, babu ɗa a ciki. Ƙurar siminti ta rufe ƙasa, sawunsa ko'ina, nata ko ɗaya babu. Ya dubi ƙafafunta. Diddigenta ne a gaba.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Wanda ya toshe wa ɗana hanci."

"Ban san ɗanki ba."

"Shi ma bai san ka ba." Bakinta bai motsa ba. "Kwana uku ina jin sa yana shaƙewa. Na ce kuskure ne, zai dawo ya buɗe. Ka dawo. Da ruwan zafi."

Ta miƙo yatsa ta shafi hancinsa, daidai yadda ya shafi ramin. Hanci ya rufe ruf.

"Cire abin da ka zuba, har man da dutsen ya sha. In inuwar bangon nan ta taɓa ƙafarka da sauran tabo, bakin ma zan shafe."

Nan take ya tono gam ɗin daga ramin. Saura tabo. Ya san dabararsa sarai: a kwaɓa garin alli da fetur, a liƙa, a rufe da leda, alli ya tsotso man a hankali. Amma wannan aikin kwana biyu ne, inuwa kuwa saura taki ɗaya.

"Ki ba ni zuwa jibi, don Allah."

"Kai nawa ka ba shi?"

Babu alli, babu lokaci. Sallau ya kafa bakinsa a dutsen ya fara tsotsa. Ɗaci, ga warin fetur. Ya tsotsa ya ɗago ya ja iska, ya koma. Tabo na ja baya. Faifai ya zama kwabo. Leɓunansa sun fara mannewa, sai da yatsa yake raba su. Inuwa ta lashi bakin takalminsa lokacin da ɗigo na ƙarshe ya bar dutsen.

Shiru. Sai tari, ɗan ƙarami, daga bayan matar. Goyo ya cika.

Ta juyo da yaron ta duba. Gefen fuskarsa ya saluɓe, hanci ɗaya ya ƙone. Ta daɗe tana kallon Sallau, kallon da bai taɓa mantawa ba. Sannan ta ɗaga yatsa ta buɗe masa ƙofar hanci guda.

"Wannan naka. Ɗayan na ba ɗana."

Leburori suka dawo suka same shi a ƙasa, bango fes kamar ba a taɓa shi ba. Tabon kuwa yana zagaye da bakinsa, baƙi, mai maiƙo. Ya gwada sabulu, ya gwada toka, har allin ya liƙa. Kowace Juma'a sai ya ƙara faɗi kaɗan. Da na gan shi bara a kasuwa, saura ƙiris ya kai hancin da aka bar masa.

Don haka in kun ga rami a dutse yana huci, ku yi sallama ku wuce. Kada wanda ya tsaya gindin irin bangon nan shi kaɗai da rana tsaka.

Ke Uwani, ba na ce ki rufe baki ba? Ko hancin ne ya toshe?