Sandunan Kankaren Raihana

Sufeto Kalilu Yelwa ba ya ɗokin ƙarar safiyar Litinin, musamman da damina, don yawanci akuyar wani ce ta shiga gonar wani. Ranar kuwa da ya shigo caji ofis yana kakkaɓe ruwa daga hularsa, wata budurwa ya tarar tsaye a bakin kantar ofis, kofur yana rubutu yana danne dariya. Wai kankare aka sace mata.

Sufeto ya harari kofur, ya ce ta biyo shi ciki. Sunanta Raihana Mahdi, 'yar nan Daura, tana shekarar ƙarshe a jami'a inda take karanta injiniyancin gine-gine da hanyoyi. Aikinta na kammala karatu shi ne gano ko za a iya rage siminti a maye gurbinsa da tokar karan gero, gini ya yi sauƙi ga talaka kuma ya yi ƙarko. Tankin ɗakin gwajin makarantarsu ya cika da kayan sauran ɗalibai, shi ya sa malaminta ya yarje mata ta zuba nata a gida. Ta zuba sanduna goma sha wani abu, kowacce tsawon kamu guda da ɗan ɗori, ta jiƙa su a tankin wani mai buga bulo. Jiya ta dawo daga makaranta don ta kwashe su, ta tarar da ruwa kawai.

Ya tambaye ta abin da kowa zai tambaya, me zai hana ta zuba wasu.

"Yallaɓai, kankare sai ya yi kusan wata guda a ruwa kafin a gwada shi. Ranar Alhamis za a saka su a inji, mako mai zuwa in tsaya gaban malamai. Idan babu su, sai baɗi."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce mahaifinta yana kwance tun bara, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma kullum ta shiga gaishe shi abin da yake tambaya ke nan, saura yaushe. Sufeto yana da 'ya sa'arta. Ya mayar da hularsa, ya ce su tafi.

Gidan bulon yana bayan gari, ta hanyar Mashi. Mai wurin, Suhaibu, mutum ne mai yawan fara'a, amma ranar fara'ar ta yi yawa har ta zama abin zargi. Ya kawo benci, ya aika a sayo lemo, ya rantse bai san komai ba tun kafin a tambaye shi. A cewarsa ɓarayin kayan gini ne, sun addabi unguwar.

Sufeto ya zagaya wurin a hankali. Ga buhunan siminti a rumfa, ba wanda ya taɓa. Ga akwatunan ƙarfen da aka zuba kankaren a ciki, waɗanda kowane ɗan gwangwan zai saya hannu bibbiyu, suna jingine a inda Raihana ta bar su. Har ƙananan dunƙulen kankaren da ta jiƙa tare da sandunan suna nan a ƙasan tankin. Dogayen kawai aka tsame.

"Malam Suhaibu, wane irin ɓarawo ne zai tsallake siminti ya ɗauki abin da ba ya sayuwa?"

Suhaibu ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Raihana ta fi zargin Suhaibu ya sayar da su ga magina a ɗora a kan tagogi. Sufeto bai musa ba. Suka yini suna bin sababbin gine-gine, yana ɗaga kai yana duban saman kowace taga, tana neman jan fentin da ta yi wa kowace sanda alama da shi. Magina suka yi ta kallonsu kamar waɗanda suka ɓata hanya. Ba su samu komai ba sai taɓo a takalma.

Washegari ya koma gidan bulon shi kaɗai. Abin da ya tsaya masa a rai tun jiya shi ne ruwan tankin. Ya ja baya sosai, har gansakuka ta bushe a jikin bangon. Raihana ta gaya masa akwai ɗan garuwa mai suna Munzali da ta ɗora wa cika tankin kullum, don kada kankaren ya sha iska. Ya tambayi Suhaibu ina mai ruwan. Suhaibu ya ce ya yi tafiya Dutsi wajen dangi, ya kwana biyu.

A bayan tankin, inda rumfa ta kare ƙasa daga ruwan sama, akwai sawun tayoyin kura. Sawun shiga bai yi zurfi ba. Na fita ya nutse cikin laka. Ɗan garuwa da nauyi yake shigowa ya fita da jarkoki wayam, wannan kuwa akasin haka ne.

Gidan Munzali ba shi da wuyar samu. Tun daga nesa Sufeto ya ga tabarmi a naɗe a jingine da bango, da butoci a jere, alamar ba a daɗe da tashi daga zaman makoki ba. Ya yi sallama, wata tsohuwa ta fito, Iya Nagoggo, mahaifiyar Munzali. Ya cire hula ya yi mata gaisuwa, ya tambayi wanda ya rasu. Jikarta ce, Madina, 'yar Munzali, yarinyar da ba ta isa shiga makaranta ba. Zazzaɓi ne na kwana biyu, ranar Juma'a da hantsi ta cika.

Da ya tambayi Munzali, sai ta ce ya tafi Mashi neman magani. Suhaibu ya ce Dutsi, ita ta ce Mashi, kurarsa kuwa ga ta nan a zaure an lulluɓe ta da buhu. Sufeto ya ɗaga buhun. Babu jarka ko ɗaya a ciki, sai ɓurɓushin kankare da jan fenti a goge a jikin ƙarfen.

Tsohuwar ta bi hannunsa da kallo, ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Gidan nan an sha wuya."

"Iya, ba cutar da shi na zo yi ba. Ina yake?"

Ta juya fuskarta wajen gabas, inda maƙabartar unguwar take, ta ja mayafinta ta rufe baki.

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya ga gawa iri-iri, amma bai taɓa tafiya wajen kama mutum ƙafarsa tana yi masa nauyi haka ba. Ya kira Raihana a waya ya ce ta same shi a ƙofar maƙabarta, ta tsaya daga waje. Ya biya ofis ya ɗauko kofur da mota, sannan ya ɗauko Suhaibu, wanda fara'arsa ta ƙare tun da ya ga inda aka nufa.

Maƙabartar a gangare take, ƙasarta yashi ce, ruwa ya yi mata zaizaya ta ko'ina. Kaburbura da yawa sun lotsa. Can gefe ga wani ɗan ƙaramin sabon kabari, kusa da shi damin itacen darbejiya da aka sara daidai faɗin rami, ɗaure yadda aka kawo shi. Da itacen nan ake rufe ramin ciki kafin a zuba ƙasa. Wannan ba a kwance shi ba. Wani ramammen mutum yana tsugune a wurin yana tattara ƙasar da ruwan jiya ya kwashe, yana mayarwa da tafin hannu.

Munzali ya ga kakin bai gudu ba. Ya kakkaɓe hannunsa, ya biyo Sufeto har ƙofa. Da ya ga Raihana sai ya durƙusa.

"Ni na ɗauka, Yallaɓai. Kada a taɓa Suhaibu, kawar da kai kawai ya yi."

Sauran bayanin a hankali ya fito, yana yi yana tsayawa. Bara da damina ya binne ɗansa na fari, Musaddiq, a wannan maƙabartar, aka rufe shi da itace yadda aka saba. Gara ta ci itacen, ruwa ya zo, kabarin ya rufta. Shi da kansa ya zo ziyara ya tarar da ramin a buɗe, ya ga abin da bai kamata uba ya gani ba. Tun daga ranar bai ƙara barci mai daɗi ba. Da Madina ta cika ranar Juma'a, ana haƙa ana jiran a sauko daga masallaci, ya dubi damin itacen ya ji ba zai iya ba. Bulon Suhaibu yashi ya fi yawa, da hannu ma ana marmasa shi. Sai ya tuna sandunan da yake zuba wa ruwa kullum, waɗanda Raihana ta taɓa gaya masa ko saniya ta taka ba za su karye ba. Ya nemi lambarta a wajen Suhaibu, wayar ba ta shiga ba, gawa kuma ba ta jira.

"Na ɗauka na gwaji ne, Injiniya. Na ce in kin dawo zan faɗa miki, in yi miki aikin ruwa kyauta har ki zuba wasu. Da kika dawo na ji kina kuka a gidan bulo, kunya ta hana ni fitowa."

Raihana ta ce masa, muryarta ƙasa-ƙasa, ai na gwajin ne. Inji za a saka su a danna har su karye, a rubuta nauyin da suka ɗauka.

Munzali ya ɗago ya dube ta. "Karya su za a yi?"

"Don haka aka yi su."

A fuskar Munzali Sufeto ya ga mutumin bai gane ba, kuma ba zai taɓa ganewa ba, yadda za a yi wata guda ana shayar da abu ruwa don kawai a karya shi.

Aiki aiki ne, dole Sufeto ya faɗi abin da doka ta ce. Ya ja Raihana gefe ya gaya mata kayanta ne, an san inda suke. In ta so, za a iya neman izinin kotu a buɗe kabarin, a musanya da itace, wataƙila a samu kafin Alhamis. Yana faɗa yana jin kunyar bakinsa. Ya ƙara da cewa in ba ta so, zai rubuta mata rahoton da za ta kai makaranta, amma rahoto ba zai hana ta maimaita shekara ba.

Ta daɗe tana kallon cikin maƙabartar ta saman katanga. Sai a lokacin hawayen suka zubo, ta bar su suna zuba.

"A bar ta ta kwanta, Yallaɓai. Ni zan gaya wa Baba."

Ƙara ta riga ta shiga littafi, dole Munzali ya je ofis ya ba da bayani a gaban DPO kafin a san yadda za a rufe ta. Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Munzali ya miƙe, ya yi taku kaɗan zuwa mota, sai ya tsaya ya juyo.

"Injiniya, ki yafe mini in tambaya. Na cire su kwanansu bai cika ba. Za su riƙe?"

Raihana ta share fuskarta da gefen hijabi. Ta ce masa ƙasar wurin a jiƙe take, kankare kuwa muddin yana samun danshi ƙara ƙarfi yake yi.

"Ba zai rufta ba, Malam Munzali. Ni na haɗa shi."

Munzali ya rufe fuska da hannu biyu. Sufeto ya kama shi a hankali ya saka shi a mota. Da suka tashi ya duba madubi, ya hango Raihana ta juya ta kama hanyar gida a ƙafa, ba ta sauri.